Ranar da Na Tsare wa Umma Ƙofar Masauki

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni waɗanda in aka tambaye ni yau, sai in ce wataƙila haka aka yi, wataƙila kuma na manta. Amma abin da ya faru a ƙofar wani ɗan masauki a karkara, a hutun ɗaya ga Oktoba na shekarar da mahaifinmu ya rasu, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure, gara in faɗa tun farko. In zan fita sai na koma na taɓa kwaɗon ɗakina ko ya rufu. In aka nemi ra'ayina a ofis, sai na kewaya na kewaya, har wanda ya yi tambayar ya gaji ya kama wata magana. Tun ina jami'a abokai suke tsokanata da cewa ko sunana aka tambaye ni sai na ce a ba ni lokaci in tabbatar. Ban faɗi wannan don a tausaya min ba, sai don mai karatu ya san irin mutumin da ya tsaya a ƙofar nan.

Gidanmu a Koki yake, gidan gado ne, kakanninmu daga Barno suka zo tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa. Mahaifinmu yana da rumfa a Ƙofar Wambai, yana sayar da zare da kayan ɗinki, kuma Allah ya yi shi mutumin jama'a. Da ya rasu, ta'aziyya ta ƙi ƙarewa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, Umma ta gama takaba ta fita, amma sallama ba ta yanke a ƙofar ɗakinta ba. Yau telolin da suke sari a wurinsa, gobe matan abokan kasuwancinsa, jibi wasu daga Maiduguri da suka ce sai yanzu labari ya iske su. Kowa ya zauna sai ya ce, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Daga nan sai tambayar da ba ta taɓa fashi: "Ciwo ya yi, ko kuwa?" Sai Umma ta sake ɗauko ranar daga farko, yadda ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa, yadda aka nemi mota, yadda ba a kai asibiti da shi ba. A yi kuka, a yi addu'a, ta tashi ta sa a kawo abinci. Baƙi su tafi da sauƙin zuciya sun sauke nauyi, ita kuma a bar ta da ranar sabuwa fil.

Ta rame, ta daina barci, jininta ya hau. Likita ya ƙara mata magani, ya ce da ni a baranda, maganin ba zai yi komai ba in ba ta samu hutu ba. Na ce to. Amma ina hutun yake a gidan da ba a rufe ƙofa?

Ni ne ɗan fari, don haka Umma ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi min doguwar magana kai tsaye. In tana son in ji abu, ƙanwata take gaya wa ina wurin. Wata rana da yamma suna tsince shinkafa a tsakar gida, ina gefe ina wanke takalmi, na ji ta ce da ƙanwata, "Ni da zan samu inda ba wanda ya san ni, in kwana biyu ba a tambaye ni yadda aka yi ba, da na gode Allah." Ta faɗa a hankali, ta ci gaba da tsintarta. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni. Ni kuma na ci gaba da goga takalmin da ya riga ya fita.

Hutun ɗaya ga Oktoba ya haɗe da ƙarshen mako a shekarar, sai na ƙudura zan fitar da ita daga birni. Na fara da waya, ina duba hotunan wuraren shaƙatawa na wajen gari, amma ni ban yarda da hoto ba. Duk Asabar sai in hau mota in je in gani da idona.

Na farko a bakin wani dam yake, a hoto kamar ƙasar waje. Tun daga bakin ƙofa kiɗa ya tare ni, samari na zaune da tukwanen shisha, wasu na tsalle a ruwan wanka. Ko ɗakin ban tsaya gani ba. Na biyu ya fi kamala, amma a kan dutse aka gina shi, matakala ta yi yawa, Umma kuwa gwiwarta ba ta son hawa. Banɗakinsu ma na leƙa na ga famfo ba ya zuba, mai kula da wurin yana ce min ana kawo ruwa a jarka. Na dawo gida jiki a sanyaye.

Na ukun wani abokin aikina ne ya yi min kwatance. Gona ce aka kewaye da katanga, ƙofa ɗaya ce tak, ɗakuna kaɗan a ƙasa, ba bene. Akwai mangwaro da gwaiba, akwai rijiyar burtsatse, wutar sola ce, akwai rumfar salla da shimfiɗa. Mai wurin wata Hajiya ce, tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya ta koma gonar mijinta. Na ji daɗin wannan, ko ba komai akwai mai auna jini. Na shiga tambaya. Ina ake dafa abinci? Wa yake dafawa? Gidan sauro fa? Maza suna shigowa ɓangaren mata? In ciwo ya tashi, ina asibiti mafi kusa? Na buɗe famfo na rufe, na danna katifa, na leƙa ƙarƙashin gado. Hajiyar ta riƙe ƙugu tana kallona, can ta ce, "Ɗana, ɗaki ka zo kamawa ko binciken aure aka aiko ka?" Na ji kunya, amma sai da na ƙara tambaya ɗaya. Na ce in na kawo mahaifiyata, za a iya barin ta ba a yi mata gaisuwar rasuwa ba? Ta daina dariya. Ta ce, "A nan sannu da zuwa kawai muke yi."

Matsala ɗaya ce, kuma na san da ita tun kafin in je. Masaukin yana kusa da ƙauyen da wani reshen danginmu suke zaune. Can aka kai Gwaggo aure, yayar mahaifinmu, can mijinta ya rasu tun ina ƙarami, can take har yanzu da 'ya'ya da jikoki. Na yi ta juya abin a raina, in fasa ne ko in nemi wani wurin. Amma na riga na ga wuraren, na kuma san wannan ne kaɗai zai karɓi Umma. Na kama ɗaki biyu. A tasha, ina jiran mota ta cika, wani ya gaishe ni da sunan gidanmu. Kafin in iso Kano labari ya riga ni.

Washegari bayan la'asar Baffa ya aiko kirana. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babba a gidan yanzu, Gwaggo kuwa Yaya yake ce mata. Na same shi a soro a kan darduma, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce an gan ka a garin su Yaya, ba ka shiga gida ba. An ce otal ka je dubawa."

Na ce, "Ba otal ba ne sosai, Baffa. Wani irin masauki ne, kamar gona haka, kusan dai..."

"Ana biya a kwana?"

"Ana biya."

"To otal ne." Ya ajiye carbin. "Matar yayana, ko shekara bai yi a ƙasa ba, za ka ɗauka ka kai otal. A garin da muke da gida. Ka san abin da za a ce? Za a ce dangin mijinta sun rasa ɗakin da za su ba ta. Ko kuwa a ce ta raina tabarmarsu."

Gaskiya Baffa bai faɗi ƙarya ba. A wurinmu, in ka je gari kana da ɗan'uwa ka wuce gidansa ka biya kuɗi ka kwana, zagi ne, ko ba ka buɗe baki ba. Ba kuma mummunar al'ada ba ce. Ni kaina na ci moriyarta. Lokacin bautar ƙasa a gidan wani da kakanninmu kawai suka haɗa na zauna, bai taɓa nuna min gajiya ba. Shi ya sa maganar ta yi min nauyi.

Na ce, "Likita ne ya ce tana buƙatar..."

"Likita ya ce otal?"

"Ya ce hutu."

"Madalla. Ta huta a ɗakin Yaya. Ga iska, ga nono, ga 'yan'uwa. Bari in buga musu su gyara wuri." Ya laluba aljihu ya ciro waya.

Bakina ya riga ya fara haɗa abin da ya saba, in ce to, bari dai a gani. Sai hoton abin ya zo min. Rabin matan ƙauyen nan ba su samu zuwa Kano ta'aziyya ba. Ranar da aka ce matar marigayi ta sauka, layi za a yi. Za a shimfiɗa mata tabarma tun safe, gida gida za a zo, kowacce da tambayarta. Wato in ɗauke ta daga inda ake zuwa ɗaya ɗaya in kai ta inda za a zo gari guda.

Na ce, "Baffa, kada a buga. Ba za ta sauka a can ba."

Ni kaina ban gane muryar ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Me ka ce?"

Na ce, "Ba za ta sauka a can ba, Baffa. Ka yi haƙuri."

Ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya ce, "Lallai digiri ya yi amfani. Tashi ka ba ni wuri."

Kafin magariba maganar ta zaga gidan. Umma ta ce da ƙanwata, ina tsaye a bakin ƙofa, "Ki gaya masa ya bar zancen nan. Kada a ɓata da Baffansa saboda ni." Na kusa amincewa, don ni dama neman hanyar fita nake. Amma ƙanwata ta ja ni gefe ta ce tun da Umma ta ji ina neman mata wuri ta wanke zannuwanta ta ninke a jaka, ta tura ƙarƙashin gado. Sai na koma na durƙusa a bakin ƙofar, na yi abin da ban saba ba, na yi mata magana kai tsaye. Na ce, "Umma, in ke ce ba kya so, a fasa yanzu. In kuwa don Baffa ne, wannan ni zan ɗauka." Ta kau da kai tana kallon bango. Can ta ce da ƙanwata, "Wai akwai sauro a can?"

Da safen tafiya muka ratsa lungu da jakunkuna, don mota ba ta shiga unguwarmu sai a bakin titi. Maƙwabta suna leƙowa. "Hajiya, ina zuwa haka?" Umma ta ce, "Nan kusa." Baffa yana soro muka wuce, na gaishe shi, ya amsa wa Umma, ni bai amsa min ba.

Damina tana ƙarewa a lokacin, gari ya yi kore shar. Muna fita daga cunkoson birni dawa ta tsaya hagu da dama ta fi mutum tsawo, mata na sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Umma ta sauke gilas. Hajiya mai masauki ta tare mu da "Sannu da zuwa, ya hanya?" ta tsaya a nan kamar yadda ta yi alkawari. Yinin farko Umma ta zauna a takure a bakin gado da mayafinta, kamar mai jiran a yi sallama. Ni kuma ina ta zirga-zirga, ina tambayar ko fanka ta yi yawa, ko ruwan ya yi sanyi, har ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah je ka ƙirga gwaiba." Sai da yamma Umma ta fito, ta cire takalmi ta taka ciyawa, ta ci gasasshiyar masara guda har da neman ƙari.

Washegari da hantsi, bayan an sha koko, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro. Ina ɗaki ƙanwata ta shigo da sanɗa ta ce, "Zo ka gani." Umma ta yi barci. Ba irin gyangyaɗin da take yi a zaune da carbi a hannu ba. Ta miƙe ƙafa, ɗankwalinta ya zame, bakinta a ɗan buɗe, har da ƙaramin minshari. Tun rasuwar ban ga haka ba. Muka tsaya muna kallonta kamar wasu wawaye.

A daidai lokacin aka buga ƙofa.

Hajiya mai masauki ta leƙa ta dawo. Ta ce, "Ɗana, baƙinka ne. Mata ne daga cikin gari, da kwanuka. Ni ba zan kori kowa ba, ba kuma zan buɗe ba sai ka ce." Na fita ta ƙofar, na jawo ta na rufe a bayana.

Gwaggo ce a gaba da sandarta, ta tsufa ta rankwafa, amma idon nan yana nan. Bayanta mata ne cike da hanya, wasu da goyo, kowacce da kwano a ka, an rufe da faifai. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne ɗan marigayi da aka ce ya fi ƙarfin gidanmu?"

Na ce, "Wane ni, Gwaggo."

"To matsa mu shiga mu gai da matar ƙanena. Tun da ba a kawo mana ita ba, mu mun kawo kanmu."

"Gwaggo, barci take."

"Barci da hantsi? Jaririya ce? Je ka tashe ta."

Na miƙe tsaye, na jingina bayana da ƙofar. Na ce, "Ba zan tashe ta ba."

Sai salati ya tashi. Wata ta ce, "Yau muna ganin ikon Allah!" Wata daga baya ta ce, "Yaron da na goya ranar sunan ƙanwarsa, har fitsari ya yi min a baya!" Wata kuma ta ce, "Ku bar shi, 'yan birni ne, warin hayaƙi muke musu." Aka yi dariya mai ɗaci.

Ba zan ɓoye ba, wannan ya fi na Baffa wuya. Baffa umarni ya bayar, waɗannan kuwa alheri suka ɗauko. Da ƙafa suka tako cikin rana. Ina jin ƙamshin man shanu daga kwanukan, na san wata kazarta ta yanka, wata tun asuba take daka. Ba wadda ta zo da mugun nufi. Zuciyata tana ta ba ni shawara: ka ce su shigo su zauna a rumfa su ɗan jira, ai ba laifi. Amma na san ƙarshen wannan. In suka shiga, wata za ta yi tari, wata ta yi sallama, Umma ta farka ta jawo mayafi ta gyara zama, shi ke nan an koma Koki.

Na ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Na san kun sha hanya, Allah ya ba da lada. Ranar da za mu koma, in ta so, ni da kaina zan kawo ta har gida. Amma yau ba wanda zai shiga."

Gwaggo ta matso, ta ɗora min kan sandarta a ƙirji. "Matsa, ko in matsar da kai."

Na ce, "Ki doke ni, Gwaggo, kina da iko, ko ubana kin doka. Amma ba zan matsa ba."

Hannuna a baya yake, na riƙe ƙarfen ƙofa gam. Gumi yana bin bayana. Ta ƙura min ido, ni kuma na sunkuyar da kai, amma ƙafata ba ta motsa ba.

Can ta ce, "Ƙarya kake. Ba barci take ba, ɓuya ta yi. Ita ta sa ka."

Wannan ne ya tsorata ni fiye da sandar. In aka koma gari da wannan maganar, laifin ya tashi daga kaina ya koma kan Umma, har abada kuma ba zai sauka ba. Na yi tunani da sauri, abin da ban saba ba. Na ce, "To zo ki gani da idonki. Ke kaɗai. Amma don girman Allah, Gwaggo, ban da magana."

Ta yi tsaki, ta miƙa wa ta kusa da ita ƙwaryar da ke hannunta, sai kuma ta fasa ta karɓe abarta. Na buɗe ƙofa daidai shigar mutum ɗaya, na mayar na rufe. Muka taka a hankali, tana ɗaga sandar don kada ta yi ƙara, na kuwa lura da hakan. Muka tsaya daga nesa kaɗan. Umma tana nan yadda muka bar ta, inuwar ganye tana yawo a fuskarta, wata kaza tana kiwo kusa da ƙafarta. Ƙanwata tana zaune a gefe tana kore mata ƙuda da mafici.

Gwaggo ta daɗe a tsaye. Na zaci za ta yi gyaran murya, na shirya roƙo. Sai na ga haɓarta tana rawa. Ta yi magana ƙasa ƙasa, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Haka ta rame?" Na gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Ni da nawa ya rasu, shekara na yi ina ba da labarin. Ba wanda ya tsaya min a ƙofa."

Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye ƙwaryar a gindin bishiya, fura ce da nono. Ta juya muka koma.

Na ɗauka in mun fita za ta wanke ni a gaban matan. Ina! Tana sa ƙafa a waje ta ɗaga murya. "Barci take, na gani. Amma yaron nan marar kunya ne, ban taɓa ganin irinsa a zuriyarmu ba. Ku juya mu tafi, kada ya sa mana hawan jini mu ma." Suka juya suna mita, kwanuka a ka. Wata ta waiwayo ta ce, "Allah ya shirya." Na ce, "Amin." Ina rufe ƙofa sai na zauna a ƙasa a wurin. Hajiya mai masauki ta kawo min ruwa a kofi, ta ce in kawo hannu ta auna ni, don ta ga kamar na fi Umma buƙata.

Sai dab da azahar Umma ta farka. Ta ga ƙwarya, ta gane faifan, ta dubi ƙanwata. Ƙanwata ta ba ta labari tas, har da sandar. Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ya kori Yaya? Da mutanen gari?" Ina tsaye daga bayan bishiya ina jiran hukunci. Ta yi ta jinjina kai tana cewa, "Allah ya yafe mana, Allah ya yafe mana." Sai ta jawo ƙwaryar ta buɗe, ta ce da ƙanwata, "Miƙo min ludayi."

Sauran hutun ba wanda ya sake buga ƙofar. Umma ta yi barci, ta zaga gona, ta yi gardama da mai dafa abinci a kan yadda ake kaɗa miyar kuɓewa, har na ji dariyarta daga ɗakin girki. Da Hajiya ta auna ta ranar tafiya, ta ce jinin ya sauka, ba duka ba, amma ya sauka.

Ita da kanta ta ce a biya ta cikin gari. Ta shiga gidan Gwaggo da ƙafarta, aka yi gaisuwa, aka yi kukan da za a yi, ta fito da kanta lokacin da ta ga ya isa. Ni kuwa a ƙofar gida aka bar ni. Mazan gidan suna zaune a dakali, na yi sallama aka amsa a daƙile, ba wanda ya matsa min wuri. Na tsaya a jikin mota cikin rana har ta fito.

Ba zan ce komai ya warware ba, don bai warware ba. Baffa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, da ya fara amsawa ma a taƙaice ne. Da aka tashi aurena, mutanen ƙauyen ba su zo da yawa ba, an ce ana aikin gona. Gwaggo har ta rasu ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta sauko ba, in an ambace ni sai ta ce, "Wannan marar kunyar?" Har yau akwai gidajen da in na shiga, labarin da ake fara tunawa ke nan. Wani lokaci nakan zauna in auna, ko da akwai hanyar da ta fi wannan laushi, ko da na fara zuwa wurin Gwaggo tun kafin tafiyar. Mai yiwuwa. A kan abubuwa da yawa ina da shakka. Amma a kan ko ya kamata in buɗe ƙofar nan, ba ni da ita ko kaɗan. In aka mayar da ni yau, a wurin zan sake tsayawa.

Abin da na koya shi ne, wanda aka yi wa rasuwa ba ya iya cewa ya gaji. Kunya ba za ta bar shi ba, kuma masu zuwa da alheri suke zuwa, ba a korar alheri da baki. Dole sai wani na kusa ya ɗauki baƙin jinin a madadinsa, a zage shi, a ce ba shi da tarbiyya, ya haɗiye. Ba sai jarumi ba. Ni da na yi, jikina rawa yake daga farko har ƙarshe. In kana da wanda yake cikin irin wannan hali, kada ka jira ya roƙe ka, don ba zai roƙa ba. Ka tashi ka tsaya masa, ka bar sunanka ya ɓaci, shi ya samu ya runtsa.